Nukiliya ko sola? Ku daina sayar mana da hangen Dala

1/ Duk ranar da babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, sai masana sun cika mana waya da "mafita ɗaya ce, nukiliya". Ni kuwa na ce a halin da Najeriya ke ciki yau, musamman mu na Arewa, tashar nukiliya hangen Dala ce, ba shiga birni ba. Ku gyara zama, zaren da tsawo. 🧵

2/ Kafin wani ya fara zagi: ba tsoron nukiliya nake ba. Idan aka auna yawan mace-mace da yawan wutar da aka samar, nukiliya na cikin mafi aminci a duniya, ta fi kwal da man fetur nesa ba kusa ba. Janaretan da ke bayan tagar ɗakinka ya fi ta barazana ga ranka.

3/ Ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Tana aiki dare da rana, rani da damina. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga gare ta. Duk na yarda. Rigimata da ku a kan abu uku ce: lokaci, kuɗi, da wayar da za ta ɗauko wutar.

4/ Mu fara da lokaci. Hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya tun 1976 aka kafa ta a takarda, ba ta tashi tsaye ba sai 2006. An sa hannu da Rasha a 2009, an sake sa hannu da Rosatom a 2017. An zaɓi Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom.

5/ Har an taɓa ce mana tasha ta farko za ta fara ba da wuta a 2025. To don Allah wa ya ga ko harsashin ginin? Kusan shekara 50 ana taro, ana ɗaukar hoto, ana musabaha. Ko ƙwan fitila ɗaya bai kama ba.

6/ Abin da muke da shi na zahiri shi ne 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a cibiyar makamashi ta ABU Zariya, tana aiki tun 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, kuma ba lantarki take bayarwa ba. Masu kula da ita sun cancanci jinjina. Amma daga nan zuwa megawat 1,200 kusan ninki 40,000 ne fa.

7/ Za ku ce ai matsalarmu ce. To mu duba waɗanda suka iya. Finlan ta fara gina Olkiluoto 3 a 2005, ba ta fara aiki yadda ya kamata ba sai 2023. Shekara 18. A ƙasar da ba a san "an ɗauke wuta" ba.

8/ Ita kanta Faransa, uwar nukiliya: Flamanville 3 an fara ta a 2007 da niyyar gamawa a 2012. Sai a Disamban 2024 aka haɗa ta da layin wuta. Kuɗin ya tashi daga Yuro biliyan 3.3 zuwa sama da biliyan 13.

9/ Amurka: tukwane biyu na Vogtle a jihar Georgia, megawat 2,200 gaba ɗaya, sun makara da kusan shekara bakwai, sun ci sama da dala biliyan 30. Ingila: Hinkley Point C an amince da ita a 2016 kan fam biliyan 18. Yanzu ana maganar sama da biliyan 30, kuma ba a gama ba.

10/ Na san wanda za ku jefo min: Barakah ta Daular Larabawa. Gaskiya ne, 'yan Koriya ta Kudu sun yi aiki mai kyau, tukwane huɗu, megawat 5,600. Amma ko ita an fara a 2012, ta farko ta kama a 2020, ta ƙarshe a 2024. Da kuɗin mai a hannu, ba a jiran kasafi.

11/ Kuma ku lura, su ɗin ma ba su zauna jiran nukiliya ba. Suna cikin gina Barakah suka shimfiɗa gonar sola ta Al Dhafra mai megawat 2,000. Wanda kuke kafa hujja da shi ma bai raina rana ba, sai ku?

12/ Don haka ko gobe da asuba aka sa hannu, aka biya, babu sata, babu sauyin gwamnati, babu shari'a, sai mun jira shekara 10 zuwa 15. Yaron da ke aji ɗaya na firamare zai gama sakandare. Mai walda da tela da mai sayar da ƙanƙara su ci me kafin nan?

13/ Sannan "babu sata, babu jinkiri" ɗin ma a wace ƙasa? Madatsar Mambilla a Taraba, megawat 3,050, tun kafin a haifi yawancinmu ake maganarta. Har yau a kotu da takarda take. Injinan iska na Katsina, megawat 10 kacal, sun haura shekara goma ana fama.

14/ Ga abin dariya mai ciwo: Geregu da aka zaɓa a ƙaramar hukumar Ajaokuta take. Eh, Ajaokutan da Tarayyar Sobiyet ta fara gina mana kamfanin ƙarfe a 1979, wanda har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. A gefen wannan kangon za a aza mana nukiliya.

15/ Na biyu, kuɗi. Misali mafi kusa da mu Masar ce. Rosatom na gina mata El Dabaa, tukwane huɗu, megawat 4,800, kan kusan dala biliyan 30. Biliyan 25 daga ciki bashi ne daga Rasha. An fara zuba kankare a 2022.

16/ Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025 gaba ɗaya naira tiriliyan 54.99 ne. Ku juya shi zuwa dala, za ku ga tasha ɗaya irin ta Masar ta cinye wajen kashi 80 cikin 100 na kasafin shekara guda. Albashi, asibiti, makaranta, soja, duk a ciki.

17/ Wa zai biya bashin? Ba masu sa hannun ba. Mu ne, da 'ya'yan da ba mu haifa ba. Kuma tsadar nukiliya ba a man da take ci take ba, a ginin take da kuɗin ruwa. Duk shekarar da aka makara, ruwa na hawa alhali ba a sayar da ko yunit ɗaya ba.

18/ Fannin wutarmu kuwa ko yanzu kamfanonin da ke samarwa kuka suke ana riƙe musu kuɗi, masu ba su gas su ma kuka suke. Miliyoyin gidaje ba su da mita. Kasuwar da ta kasa biyan kuɗin gas ce za ta biya bashin dala biliyan 25?

19/ Na uku, kuma nan ne masu nukiliya ba sa son a tsaya: waya. A takarda Najeriya na da tashoshi masu ƙarfin wajen megawat 13,000. Abin da ke isa ga jama'a yawanci 4,000 zuwa 5,000 ne. Ga mutum sama da miliyan 200.

20/ Wato akwai injinan da ke zaune ba sa aiki: babu gas, ko babu gyara, ko layin ba zai iya ɗauka ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ku kuma kun ce a haƙa sabuwar rijiya mafi tsada a duniya, a ci gaba da ja da gugan nan mai huda.

21/ Akwai ƙa'idar da injiniyoyi suka sani, hukumar nukiliya ta duniya ma na faɗa: kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa. Dalili: ranar da ya tsaya ba zato, sauran su iya tare giɓin kafin komai ya rushe.

22/ Ku yi lissafin. Tukunya ɗaya irin ta Rasha megawat 1,200 ce. Layinmu 5,000 ne a rana mai kyau. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Duk ranar da ta yi tari, ƙasar gaba ɗaya ta shiga duhu. Layin da ya faɗi fiye da sau goma a 2024 ba tare da taimakon kowa ba.

23/ Kuma abin ta ɓangare biyu ne. Tashar nukiliya ita ma tana buƙatar wuta daga waje. Ko an kashe ta, cikinta na ci gaba da fitar da zafi, dole famfuna su yi ta zagaya ruwa. Ba kamar janareta ba ce da za ka murɗa makulli ka tafi barci.

24/ Abin da ya faru a Fukushima a Maris 2011 ke nan. Girgizar ƙasa ta katse layin waje, ambaliyar teku ta cinye janaretocin ko-ta-kwana, sanyayawa ta tsaya, tukwane uku suka narke. Darasin a nan na injiniya ne: nukiliya na zuwa ne bayan an gyara layi. Ba ita ke gyara shi ba.

25/ Yanzu 'yan uwana na Arewa, ku matso. Nukiliya na shan ruwa sosai don sanyaya, shi ya sa aka zaɓi Geregu kusa da kogin Kwara da Itu kusa da kogin Kuros Riba. Ba za a gina ta a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba. Mu dai muna nan a wutsiyar waya.

26/ Kun manta Oktoban 2024? An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya samu matsala, jihohin Arewa suka shafe fiye da mako cikin duhu. Masu cajin waya suka zama sarakuna, ƙanƙara ta zama zinare.

27/ A waɗannan kwanakin tashoshi na aiki, Kudu na da wuta. Da a ce akwai nukiliya goma a Geregu, da duhun nan dai za mu sha. Haka Maiduguri: tun da aka fasa turakun layin Damaturu a farkon 2021 ta daɗe a yanke, sai da aka kafa mata tashar gas ta megawat 50 a cikin gari a 2023.

28/ Wutar da aka samar kusa da mai amfani da ita ta fi wuyar yankewa. Mutum uku da bam ɗaya za su iya kayar da turken da ke ciyar da jiha biyar. Ba za su iya bi rufi-rufi, kasuwa-kasuwa, su kwance farantan sola na gari guda ba.

29/ "Ai maƙwabciyarmu Nijar na da yuraniyom." Sannu. Tun 1971 ake haƙarsa a Arlit. Fiye da shekara 50 yana haska biranen Turai, amma har yau wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar. Kafin 2023 kaso mai yawa na wutarsu ma daga wajenmu suke saye.

30/ Abin da ke fitowa daga rami ba a zuba shi a tukunya haka nan. Nau'in da ake buƙata kashi 0.7 cikin 100 ne kawai a cikinsa, sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a ƙera sandunan. Ƙasashe ƙalilan ke wannan, kuma Rasha ce ke riƙe da kaso mafi girma.

31/ Wato wanda ya gina maka, shi ya ba ka bashi, shi zai sayar maka da mai, shi ke da kayan gyara, na tsawon shekara 60. Wannan ne 'yancin makamashi? 'Yan Nijar sun ɗanɗana a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke musu wuta. Abin da ya rage musu zafi har da tashar sola ta Gorou Banda, megawat 30.

32/ "To a kawo ƙananan tukwane na zamani." Ina son su, Allah Ya sa su yi nasara. Amma masu aiki a duniya ba su taka kara sun karya ba: akwai ta kan jirgin ruwa a Rasha, akwai wata a Sin. Aikin NuScale da aka fi yayatawa a Amurka an soke shi a Nuwamban 2023 saboda tsada. Mu ne za mu zama gonar gwaji?

33/ Yanzu mu juyo ga rana. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2020. Batir ma haka ya yi ta sauka. Hasken da ke sauka a Kano ko Sakkwato a shekara ya kusa ninka na Jamus biyu, amma Jamus na da sola sama da megawat 80,000.

34/ Masar ɗin da ke gina nukiliya ta gama gonar sola ta Benban kusa da Aswan a 2019, wajen megawat 1,500, cikin 'yan shekaru kaɗan. Pakistan kuwa a 2024 kaɗai ta shigo da farantai na kusan megawat 17,000. Manoma da masu masana'antu da magidanta ne suka gaji da jira suka saya.

35/ A gida ma gani ya kori ji. Kasuwar Sabon Gari a Kano an sa wa shaguna sola a 2018. BUK ta samu mai megawat 7.1 a 2019. Kumbotso megawat 10 a 2023. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ku ɗaga kai ku ƙirga rufin unguwarku. Manoman rani ma sun koma famfon sola.

36/ "Da daddare fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. Nukiliya na ba da wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta a shekara, sola wajen kashi 20. Don ka samu wutar tukunya ɗaya mai 1,200 sai ka shimfiɗa sola wajen megawat 5,000. Ga hazon hunturu, ga ƙura sai an wanke.

37/ Amma ku ci gaba da lissafin. Babbar gonar sola a matsakaicin farashin duniya ba ta kai dala miliyan ɗaya kan kowane megawat ba. 5,000 ɗin nan bai wuce dala biliyan 5 ba. Tukunya ɗaya a El Dabaa ta kai biliyan 7.5. Rarar ta sayi batir. Kuma sola kana ginawa kana sha, ba sai ka jira shekara goma ba.

38/ Sannan wa ya ce sola ita kaɗai? Kainji megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600, Zungeru 700, duk a Arewa suke. Madatsar ruwa ai batir ce babba. Da rana a bar sola ta ɗauki kaya a adana ruwa, magariba ta yi a buɗe. Ba sabon ilimi ba ne.

39/ Ga gas da muke ƙonawa a banza a Neja Delta. Ga bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, da aka fara a 2020. Gas ba mai sabuntuwa ba ne, amma ya fi dizal da fetur na miliyoyin janaretoci tsafta da araha, kuma ana iya ƙara shi a rage shi gwargwadon rana.

40/ Masu kawo min Jamus: eh, rufe tashoshinta uku na ƙarshe a Afrilun 2023 alhali tana ƙona kwal, a ganina wauta ce. Wanda ke da tasha mai aiki da ya gama biyan kuɗinta ya riƙe kayarsa. Amma wannan hujja ce ga mai ita. Mu ba mu da abin rufewa.

41/ 'Yan sola kuma kar ku yi tafi da wuri, akwai naku. A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 kan gonakin sola na sama da megawat 1,000, yawanci a Arewa. Suka maƙale a rigimar farashi da lamuni. Cutar da ta kashe waɗannan ita ce dai za ta kashe nukiliya, sai dai gawar ta fi tsada.

42/ Ga fitilun kan titi na 'yan siyasa da ke mutuwa kafin fostar mai su ta koɗe. Ga jabun farantai da tsofaffin batira da aka yi wa sabon fenti. Ga "injiniya" da ya koyi haɗa inbata a mako biyu. Ga tsofaffin batiran dalma da ake fasawa a bayan gida.

43/ Batun dalma ba wasa ba ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Ƙasar da ba ta iya sa ido kan dalma ba tukuna, ta fara nuna mana ta iya, kafin ta ce za ta tsare sharar da ke da haɗari na dubban shekaru.

44/ Kuma gaskiya mai ɗaci: yanzu sola ta masu hali ce. Mai kuɗi ya sa nasa ya fita daga layi, talaka ya rage da duhu da bil na ƙiyasi. Idan aka bar abin haka, rana ma za ta zama ta masu kuɗi. Nan ne ya kamata hayaniyarmu ta koma.

45/ Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon samar da wuta, rarraba ta, da tsara kasuwarsu. Gwamna ba shi da sauran fakewa da Abuja. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ga abin da za ku tambaye shi, ku ɗauke shi a bidiyo:

46/ Megawat nawa na sola za ka kafa a jihar nan, a wane fili, zuwa wace shekara? Asibitocin ƙauye nawa za su samu wutar ajiye rigakafi da karɓar haihuwa da dare? Ina tsarin biya kaɗan-kaɗan ga tela da mai niƙa da manomin rani? Wa zai kama masu jabu?

47/ Ga tarayya kuma: a ƙara layukan da ke shigowa Arewa don kada yankewar ɗaya ta kashe mu. A ba kowa mita. A gama bututun gas. A faɗa mana gaskiyar Mambilla. Kuma a bar maganar hana shigo da farantai har sai namu na gida sun iya wadatar da kasuwa.

48/ Nukiliya kuwa a ci gaba da koyar da ita, a ƙara wa cibiyar Zariya kuɗi, a horar da yaranmu. Ranar da layinmu ya kai megawat 20,000 zuwa 30,000, ya yi shekara biyar bai faɗi ba, ku zo mu zauna. Ni zan fara sa hannu.

49/ Kafin wannan ranar, duk jami'in da ya tsaya gaban kyamara yana mana albishir da nukiliya, ku tambaye shi taransifomar unguwarku da ta ƙone wata nawa ke nan. In ya kasa wannan, kun san amsar waccan.

50/ Wanda bai yarda ba, bismillah, fili a buɗe yake. Amma ka zo da amsa uku: shekara nawa, dala nawa, ta wace waya. Zagi ba ya kunna fanka. Ku tura wa ɗan majalisarku da abokin nan naku mai "nukiliya kawai". Allah Ya fitar da mu daga duhu. Ƙarshen zare.